Yadda Masara Ke Sanin Lokacin Barin Ƙuruciya da Lokacin Yin Goyo

Wanda ya shiga gonar masara da sassafe lokacin noman firi, in ya sunkuya ya duba ganyayen ƙasa-ƙasa, zai ga raɓa ta dunƙule a kansu ƙwaya-ƙwaya, da an taɓa ganyen sai ta gangare ta bar shi a bushe. Launinsu ma ba kore shar ba ne, akwai wani toka-toka a kai wanda ke gogewa in an murza da yatsa. Bayan mako uku ko huɗu, a wannan gonar dai, ganyayen sama sun yi faɗi suna sheƙi, ruwa na kwanciya a kansu, ga wani gashi-gashi da ke sa ƙaiƙayi a damtse in ana ratsa kunya. Mukan ce masara ta girma, shi ke nan. To amma ganyen ƙasan nan bai rikiɗe ya koma irin na sama ba, a yadda ya fito haka zai bushe. Abin da ya faru shi ne tsiron ya daina fitar da ganye iri ɗaya ya koma fitar da wani iri dabam, kuma akwai ƙwayoyin gado, wato umarnin halitta da tsiro ke gada daga iyayensa, da aikinsu ke nan, su tsayar da ranar wannan canji.

Masana tsirrai sun kasa rayuwar masara kashi uku bayan ta tsiro: ƙuruciya, girma, sai lokacin fure da goyo. Duk ganye da gaɓa da furen kai daga wuri guda suke fitowa, wani ɗan ƙullutu da bai kai kan allura ba, ɓoye a cikin mazurarin ganye, wanda za mu kira idon tsiro. Makonnin farko ma yana ƙarƙashin ƙasa ne, shi ya sa akuya kan cinye ganyen ƙaramar masara tas amma ta sake tohowa.

A yawancin irin da aka yi nazari a kansa, ganye 4 ko 5 na farko su ne na ƙuruciya. Tokar da ke kansu kaki ne da tsiron ke fitarwa, ba su da gashi, fatarsu siririya ce, kuma ba su da waɗannan manyan ƙwayoyin halitta da ke naɗe ganye in rana ta take. Gaɓoɓin da ke ɗauke da su gajeru ne, daga nan kuma saiwoyi ke fita. Ganyen girma kuwa fatarsa ta fi kauri da tauri. A ɗakin bincike akan ɓare fatar ganye a ɗiga mata wani shuɗin rini: ta ƙuruciya ta koma shunayya, ta girma ta koma shuɗi-kore. Inda abin ya fi ban sha'awa shi ne ganyaye biyu ko uku da ke tsakani. Tsininsu na ƙuruciya ne, gindinsu na girma, a tsakiya kuma zane-zane ne na toka da sheƙi a jere. Dalili shi ne tsinin ganye ke fara ƙosawa kafin gindi, don haka umarnin canji ya iske ganyen ana cikin gina shi, rabi ya riga ya wuce, rabi bai iso ba. Da ido kawai ana iya ganin wannan a gona, ba sai da madubin likita ba.

Hanyar da masu ilimin gado ke bi su gane aikin ƙwayar gado ita ce neman tsiron da abin ya lalace a jikinsa. A masara an daɗe da samun irin waɗannan. A farkon shekarun 1950 wani masani ɗan Amurka, Ralph Singleton, ya yi bayanin wata masara da ake kira Corngrass1, wadda in ka gan ta sai ka rantse ciyawa ce: siraran ganye, 'ya'ya birjik daga gindi, saiwoyi na fita har can saman kara, goyon kuma ɗan mitsitsi. Akwai wasu uku masu kama da ita da ake kira Teopod. An daɗe ana kallonsu a matsayin masarar da ta koma halin kakanninta na daji. A 1988 Scott Poethig na Jami'ar Pennsylvania ya kawo wata fahimta da ta sauya tambayar baki ɗaya. A ganinsa babu wata gaɓa baƙuwa a jikin waɗannan tsirrai, komai na masara ne, lokaci ne kawai ya rikice musu. Ƙuruciya ce ta ƙi ƙarewa.

Aikin da ya biyo baya a kan Teopod ya nuna wani abu da ya kamata a riƙe tun yanzu, domin sauran bayanin a kansa ya ratayu. Tsiron da ya maƙale a ƙuruciya bai fasa shiga lokacin fure ba, kusan a kan kari ma yake shiga. Sai shirye-shiryen biyu su haɗu a gaɓa ɗaya, ka ga furen kai cike da ganyaye, ka ga ganye ya fito a gindin kowace ƙwaya a goyo. Ashe ƙarewar ƙuruciya da farawar fure ba abu ɗaya ba ne. Agogo biyu ne, suna da alaƙa, amma kowanne na iya gudu ko jinkiri ba tare da ɗan'uwansa ba.

Sai kuma kishiyar waɗannan, wato glossy15. Masarar da wannan ƙwayar gado ta mutu a jikinta, daga ganye na uku sai ta fara sheƙi da gashi irin na babba, alhali tsayinta da saiwoyinta da ranar furenta ba su canza ba. Fatar ganye kaɗai abin ya shafa. Stephen Moose da Paul Sisco ne suka gano ainihin ƙwayar a 1996, suka ga furotin ɗin da take samarwa irin mai kunna wasu ƙwayoyin gado ne. Muddin yana nan da yawa, ganye na sanye da kakin ƙuruciya. Da ya ja baya, sai gashi da sheƙi su fito. Tambayar da ta rage ita ce, wa ke sa shi ja da baya, kuma me ya sa a daidai wannan lokaci?

Amsar ta ɓullo ne daga inda ba a zata ba, daga wata tsutsa ta cikin ƙasa da tsawonta bai wuce milimita 1 ba. A 1993 Victor Ambros da Gary Ruvkun suna bin sawun tsutsotsin da ke maimaita matakin ƙuruciya maimakon su wuce gaba, suka ci karo da wani guntun RNA mai haruffa 22 kacal wanda ba ya samar da furotin ko kaɗan. Ga yadda abin yake. Ƙwayar gado tana zaune ne a cikin DNA, ba ta fita. In ana bukatar furotin ɗinta, sai a kwafi umarnin a kan RNA a aika da shi inda ake haɗa furotin, kamar maigida ya rubuta takarda ya ba yaro ya kai wa maƙeri. Shi wannan guntun RNA ɗan tare hanya ne: ya san takardar da yake nema, da ya gan ta sai ya kama ya yage, ko ya riƙe ta har aiki ya wuce. Maigida na nan lafiya, maƙeri na nan, amma garma ba ta fito ba. Wannan binciken ne ya kai mutanen biyu ga kyautar Nobel a 2024, kuma an gano cewa tsirrai da dabbobi duk cike suke da irin waɗannan guntaye.

Biyu daga cikinsu ne ke riƙe da ƙuruciyar masara, miR156 da miR172. A 2005 Nick Lauter da Moose da abokan aikinsu suka nuna cewa miR172 ne ke tare saƙon glossy15. A ganyayen farko kusan babu shi, daga nan yana ƙaruwa ganye bayan ganye, glossy15 na raguwa. Da suka ƙara wa masara kwafin glossy15 fiye da wanda take da shi, sai adadin ganyen ƙuruciya ya ƙaru, domin saƙon ya fi ƙarfin masu tare shi. Bayan shekara biyu, a 2007, George Chuck da Sarah Hake a Kalifoniya suka warware sirrin Corngrass1 da aka shafe fiye da rabin ƙarni ana kallo. Babu wani furotin da ya lalace. Wuri ne da ke samar da miR156, sai wani yanki na DNA mai tsalle daga wuri zuwa wuri ya zo ya sauka kusa da shi, ya sa shi zubo miR156 ba ƙaƙƙautawa. A jikin wannan tsiro kuma miR172 ya yi ƙasa sosai.

Daga nan aka iya jera abin. Ɗan tsiron da ya fito daga ƙwaya cike yake da miR156, shi kuma aikinsa danne wani dangin ƙwayoyin gado da ake kira SPL, waɗanda su ne masu kawo halayen girma. Kwana na tafiya miR156 na raguwa, SPL na ɗaga kai. Cikin ayyukan SPL har da kunna miR172, wanda shi kuma ke danne glossy15 da 'yan'uwansa. Wannan mahaɗa ta tsakiya an fi tabbatar da ita a wata 'yar ciyawa da ake gwaji da ita, Arabidopsis, a aikin da ɗakin binciken Poethig ya fitar a 2009, kuma abin da aka gani a masara ya dace da shi. Mai dannewa ne ke danne mai dannewa, shi ya sa canjin ba ya zuwa dare ɗaya. Ɗaya na sauka, ɗaya na hawa, inda suka gitta nan ganyayen nan masu zane-zane suke.

Ba masara kaɗai ke da wannan tsari ba. An auna miR156 a itatuwa da dama aka samu labarin bai canza ba, yawa a ƙuruciya, kaɗan a girma, sai dai abin da masara ke gamawa cikin makonni itace kan ɗauki shekaru. Masu lambu sun daɗe suna cin moriyar wannan ba tare da sun san sunansa ba. Mangwaron aure na riga na ƙwallo haihuwa ne saboda reshen da aka ɗora daga bishiyar da ta riga ta girma aka yanko shi, bai kuma manta ba.

A cikin dangin SPL ɗin nan akwai wata da ta cancanci a tsaya mata kaɗan. Masara ta samo asali ne daga wata ciyawa mai suna teosinte a kwarin kogin Balsas da ke kudancin Meziko, kimanin shekara 9,000 da suka wuce. Kowace ƙwayar teosinte a kulle take cikin ɓawo mai taurin dutse. John Doebley na Jami'ar Wisconsin da tawagarsa sun nuna a 2005 cewa canji ɗan ƙanƙani a ƙwayar gado guda, tga1, shi ya buɗe ɓawon ya bar ƙwayar a fili a kan totuwa. Ita tga1 ɗin 'yar dangin SPL ce, tana cikin waɗanda miR156 ke tare wa saƙo.

To me ke sa miR156 raguwa? A nan amsar ba ɗaya ba ce, amma duk alamu na nuna ganye. Erin Irish ta Jami'ar Iowa ta yi wani gwaji mai wuyar hannu: ta ɓare masarar da ta riga ta shiga girma, ganye bayan ganye, har ta kai ga idon tsiro, ta yanko shi da ɗan tohon ganye ɗaya ko biyu kawai, ta raine shi a kwalba. Sai ya koma farko. Ya fitar da ganyayen ƙuruciya masu kaki, ya sake cika adadin ganyensa kamar daga ƙwaya ya tsiro, sannan ya yi fure. In aka bar masa ganyaye da yawa kuwa, sai ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ke nan idon tsiro ba shi ke riƙe da lissafin shekaru shi kaɗai ba, ganyayen da ya riga ya haifa su ke gaya masa inda aka kwana. A 2013 wasu tawagogi biyu, ɗaya a Amurka ɗaya a Shanghai, suka nuna a Arabidopsis cewa sukarin da ganye ke haɗawa da hasken rana yana rage miR156. Wannan ya yi ma'ana: tsiro ba ya barin ƙuruciya sai ya ga yana iya ciyar da kansa. Sinadaran jikin tsiro ma na da hannu. Gajerun masara da ba sa iya samar da sinadarin jibarelin, mai sa kara miƙewa, suna daɗewa a ƙuruciya, kamar yadda Matthew Evans da Poethig suka nuna a 1995. Sinadarin jasmonet kuwa, wanda tsiro ke fitarwa in an ji masa ciwo, yana tsawaita ƙuruciyar in aka shafa shi.

Agogo na biyu shi ya fi shafar aljihun manomi, shi ne kuma ya fi ɓoyuwa. Mu a wurinmu masara ta shiga fure ranar da muka ga kai ya leƙo. A cikin tsiron kuwa an yanke wannan hukunci tun tuni. Lokacin da masara ke da ganye 5 zuwa 7 a buɗe, ko gwiwa ba ta kai ba, idon tsiro ya daina fitar da ganye ya miƙe ya fara zama furen kai. Duk ganyen da za ta yi a rayuwarta an riga an ƙirƙire shi, yana naɗe a ciki yana jiran fitowa. Ba da daɗewa ba goyo ma ya fara samuwa a hammatar wani ganye, ana tsara yawan layukan ƙwayarsa. Masarar da ciyawa ta shaƙe ko ta rasa taki a waɗannan makonni, ko an cika ta da yuriya daga baya, ba za ta dawo da layin da ba a tsara ba. Jinkirin maimai da jinkirin taki na biyu asararsu a nan take, sai dai ba a ganinta sai ranar ɓare goyo.

Nan ma umarnin daga ganye yake zuwa. Tun 1936 masanin Tarayyar Soviet Mikhail Chailakhyan ya ce lallai akwai wani abu da ganye ke aikawa sama ya ce a yi fure, aka shafe kusan shekara 70 ana nema kafin a kama shi. A masara an fara da indeterminate1, wadda Joseph Colasanti da abokansa suka gano a 1998. Tsiron da ya rasa ta sai ya yi ta fitar da ganye har makwabtansa su bushe, in ma ya yi kai, sai ka ga ƙananan tsirrai na tohowa a cikinsa. Abin lura, wannan ƙwayar gado a ganyaye masu tasowa take aiki, ba a idon tsiro ba. A 2011 aka gano ɗan saƙon kansa, wani ƙaramin furotin daga ƙwayar ZCN8, wanda ake samarwa a jijiyoyin ganye, ya bi hanyar da sukari ke bi zuwa idon tsiro, ya haɗu da wani furotin mai suna DLF1, su biyun su kunna ƙwayoyin gadon fure.

Teosinte ba ta sakin wannan saƙo sai yini ya gajarta, abin da ya dace da Meziko, inda gajartar yini ke nufin damina ta kusa ɗaukewa. Manomin ƙasar Hausa ya san wannan hali sarai a maiwa da doguwar dawa irin su farfara: ko ka riga maƙwabcinka shuka da mako uku, kusan tare za su fid da kai a ƙarshen damina, naka dai ya fi tsawon kara. Matsalar ta taso ne da mutane suka ɗauki masara suka nufi arewa da ita. A tsakiyar Amurka yinin watan Yuni kan kai awa 15. Masarar ƙasashe masu zafi in aka shuka ta can sai ta yi ta tsawo tana jiran yinin da ba zai gajarta ba sai sanyi ya kusa kashe ta. Amma ga shi tun kafin zuwan Turawa ana noman masara har kudancin Kanada.

An gano kaɗan daga cikin abubuwan da suka sa haka ta yiwu. Akwai ƙwayar gado mai suna ZmCCT10 da ke hana fure in yini ya yi tsawo. Masu bincike a Beijing sun nuna a 2013 cewa a yawancin masarar ƙasashe masu sanyi wani yanki mai tsalle ya sauka gabanta ya rage mata ƙarfi. Akwai kuma Vgt1, wadda Silvio Salvi da Roberto Tuberosa na Jami'ar Bologna a Italiya suka bayyana a 2007. Ita ba ma ƙwayar gado ba ce a ma'anar da aka saba, wani ɗan fili ne mai haruffa kusan 2,000 wanda ke sarrafa wata ƙwaya mai hana fure, ZmRap2.7, da ke nesa da shi da haruffa 70,000. A masarar ƙasashe masu sanyi mai saurin fure, nan ma wani ɗan yanki mai tsalle ne ya shiga filin. Ita ZmRap2.7 dangin glossy15 ce, tana kuma cikin waɗanda miR172 ke dannewa, kuma nan ne ɗaya daga cikin wuraren da agogon biyu ke taɓa juna.

A duba waɗannan uku, Corngrass1 da ZmCCT10 da Vgt1. Babu inda aka canza furotin ɗin kansa. Abin da ya canza shi ne yawansa da lokacin fitowarsa, kuma sau uku mai laifin ɗaya ne, yankunan DNA masu tsalle, waɗanda Barbara McClintock ta gano a masara tun shekarun 1940, aka daɗe ba a ba maganarta muhimmanci ba, sai a 1983 ta karɓi Nobel.

Wanda ya karanta zuwa nan zai iya ɗauka cewa ai an gama, a taɓa ƙwaya ɗaya a samu masara mai kwana 70. A ganina nan ne ake yawan zarce gona da iri in ana ba da labarin irin wannan bincike. Yawancin tsirran da aka koyi darasi daga gare su nakasassu ne, babu mai shuka su don ya ci. A 2009 Edward Buckler na Jami'ar Cornell da tawaga mai yawa suka yi tambayar ta wata fuska: a cikin masara lafiyayya, me ke bambanta mai sauri da mai jinkiri? Suka ɗauki iri 25 daga sassan duniya, cikinsu har da Tzi8 da aka samar a cibiyar binciken aikin gona ta IITA a Najeriya, suka aura kowanne da wani iri guda mai suna B73, suka fitar da layuka, wato zuri'o'in iri daban-daban, kusan 5,000, suka ƙirga ranar fure a tsirrai kusan miliyan 1. Abin da suka samu shi ne wurare sama da 30 a cikin DNA, kowanne na motsa ranar fure da ɗan kaɗan, mafi ƙarfinsu ma bai kai kwana 2 ba. Bambancin makonni da ake gani tsakanin iri da iri tarin waɗannan ƙananan ne.

Wannan ya bayyana yadda aka samu irin da ke hannun manomanmu yau. Masu ƙirƙirar iri a IITA da ke Ibadan da cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru a Zariya, mai fitar da jerin SAMMAZ, sun samar da masara mai nuna cikin kwana 90 zuwa 95, da wadda ta fi ta sauri mai kwana 80 zuwa 85, ta hanyar aure da zaɓe shekara bayan shekara, suna tara ƙananan ƙwayoyin saurin nan wuri guda. Su ne suka sa masara ta haura daga yankin Saminaka da Giwa da Funtuwa zuwa wuraren da damina ba ta da tsawo, inda da sai gero. Saurin kuma ba kyauta ba ne. Masarar da ta yanke hukuncin fure da wuri ganyenta ya fi kaɗan, kwanakin tara abincinta ma sun fi kaɗan, don haka a shekarar da ruwa ya wadata mai kwana 110 zuwa 120 kan fi ta cika buhu. Kwanakin da ke rubuce a jikin leda su ma ba alƙawari ba ne. A ƙasarmu tsawon yini bai cika sauyawa da yawa ba, zafi ne ya fi jan ragamar masara. Irin da ya yi fure a kan kari da damina, in aka shuka shi a fadama cikin hunturu sai ya ƙara kwanaki, domin ganye na fitowa ne gwargwadon ɗumin da tsiron ya tara.

Tsawon ƙuruciya ma na da nasa tasirin a gona. Ganyen ƙuruciya mai laushi ya fi sauƙin ci. A Wisconsin, Bruce Abedon da William Tracy sun nuna a 1996 cewa masara mai ɗauke da Corngrass1 ta fi daɗewa cikin haɗarin cutar tsatsar ganye da tsutsar kara. A jihar Mississippi kuma Paul Williams da abokan aikinsa sun lura cewa layukan da suka fi jure wa tsutsar nan mai cin mazurarin masara, irin su Mp708, suna barin ƙuruciya da wuri, kuma ɗaya daga cikin wuraren da juriyar ke zaune yana kusa da glossy15. Ita ce tsutsar da aka fara ganin ɓarnarta a Najeriya da wasu maƙwabta a farkon 2016 kafin ta game nahiyar. Bai kamata a ɗora wa wannan fata mai yawa ba, taurin ganye kashi ɗaya ne kawai na juriya, ba ya hana feshi in tsutsa ta yi yawa. Wasu kuma akasin haka suke nema. A 2011 Chuck ya saka Corngrass1 cikin wata ciyawar Amurka da ake son yin man da zai maye gurbin fetur da ita, ciyawar ta ƙi yin fure sam, sitacin da ke jikinta kuma ya ninka fiye da sau biyu.

Ko bayan an shiga fure aikin miR172 bai ƙare ba. Furen kai da goyo duk suna farawa ne da sassan namiji da na mace a tare, daga baya kai ya zubar da na mace, goyo ya zubar da na namiji. A masarar da ake kira tasselseed4, inda ɗaya daga cikin wuraren samar da miR172 ya lalace, kai ba ya zubar da nasa, sai gemu ya fito a can sama har ƙwaya ta zauna. Akan ci karo da mai kama da haka jefi-jefi a gona, musamman a kan 'ya'yan da suka fito daga gindi, ko da yake a can galibi yanayi ne ke jawo shi.

Mataki na ƙarshe da ake jin tsoro shi ne tazarar da ke tsakanin zubar garin fure da fitowar gemu. Kowane silin gemu na ƙwaya ɗaya ne, sai garin fure ya sauka a kansa ƙwayar za ta zauna. Kai kan yi kamar mako guda yana zubar da gari, garin kuma ba ya daɗewa da rai cikin zafi. In fari ya faɗo a wannan lokaci, kai ba ya jinkiri sosai, gemu ne ke maƙalewa, sai ya fito bayan gari ya ƙare, a samu goyo mai giɓi ko totuwa tsirara. A cibiyar binciken masara da alkama ta CIMMYT da ke Meziko, Greg Edmeades da Jorge Bolaños sun bi diddigin wani iri mai suna Tuxpeño da aka yi ta zaɓa cikin fari da gangan, zagaye 8, ana fifita tsirran da gemunsu ke bin kai da sauri. Amfanin ya riƙa ƙaruwa da kusan kilo 100 a hekta a kowane zagaye. Wannan ma'auni na ƙirga kwanaki tsakanin kai da gemu shi ne har yau masu ƙirƙirar iri mai jure fari ke amfani da shi, har da waɗanda ke gwaji a Samaru da Ibadan.